Shebur a Kan Ganuwa

Shafi na 19

Ku da kuka cika mini waya da saƙonni kuka hana ni shan kofi cikin natsuwa, to ga shi, ku sarara mini. Mai cewa Tade munafuki ne, ki riƙe bakinki tukuna. Mai cewa Inken ce kaɗai mai gaskiya a gidan nan, ke ma riƙe naki.

*

Tun kafin Inken ta kashe mota ta hango shi.

Can a saman ganuwar da ta tare musu teku, daidai saitin makiyayar gidansu, shebur ne a kafe, shi kaɗai, iska tana kaɗa ciyawa a gindinsa. Ta kifa kai a kan sitiyari ta ce, "Baba, ka kashe ni."

Duk wanda aka haifa a bayan ganuwar nan ya san ma'anar wannan, ko da a bakin kakarsa kaɗai ya ji. Mutum ya kafa sheburinsa a kan ganuwa, to ya ce ya gaji ke nan, ya saki ƙasarsa. Wanda ya zare sheburin, ƙasa ta zama tasa, da tumakinta da wahalarta. Hukuma ta manta da wannan doka tun tale-tale. Ubanta, tsoho Momme Ketelsen, shi ne bai manta ba, kuma abin haushin, sunansa ne a kan takardar ƙasar, wanda ya ga dama zai rubuta wa ita.

Kuma ya rasa ranar da zai yi sai yau, yau da injiniyan kamfani zai zo karɓar amsa ta ƙarshe. Kamfanin nan dai da ya hana kowa barci, mai son jawo bututu tun daga masana'antun kudu, ya kwaso iskar hayaƙinsu ya cusa ta ƙarƙashin teku ya binne. Su yi ɓarnarsu a can, a zo a tura mana a ƙarƙashin ƙafa. Kaf ƙauyen Harkebüll sun ce a'a, Inken ce ta bi su gida-gida har takalminta ya cinye. Saura makiyayar ubanta, ita bututun zai bi ya nutsa ta ƙarƙashin ganuwa ya fita teku. In mai ita ya ce a'a, sai kotu, shekara da shekaru. In ya ce e, magana ta ƙare.

Gwaggo Keike, ƙanwar Momme, tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Kin gani?"

"Na gani, Gwaggo. Yaushe ya yi?"

"Da sassafe. Da sandarsa ya hau, yana nishi kamar tsohuwar tarakta. Na ce Momme ina za ka, ya ce in ji da tukunyata."

"Kuma kika bar shi?"

"Ke da kika iya hana shi ai ga ki kin iso. Shiga."

Yana zaune a teburin kicin, hula a kai, yana shafa man shanu a baƙin burodi kamar ba shi ya tayar da ƙauye ba.

"Moin, Baba," ta gaishe shi da gaisuwar yankin.

"Moin."

"Baba, mene ne wancan a kan ganuwa?"

"Shebur."

"Na san shebur ne."

"To me kike tambaya?"

Inken ta ja kujera ta zauna. A makarantar da take koyarwa a birnin Kiel tana iya yi wa aji guda na 'yan taurin kai magana su yi tsit. Wannan tsohon guda ɗaya ya fi ƙarfinta tun tana yarinya.

"Baba, yau fa mutumin zai zo. Na sa an tare gada da taraktoci, 'yan jarida suna can, maƙwabta sun fara taruwa a tsakar gida don su ji ka ce a'a da bakinka. Kai kuma sai ka zaɓi yau?"

"Ban zaɓi komai ba. Gwiwata ce ta zaɓa. Jiya ba ta yarda na hau ba."

"Don Allah ka bar wasa."

Ya ajiye wuƙar.

"Ran Lahadi a teburin nan ke da ɗan'uwanki kuka yi ta sa-in-sa a kaina kamar an riga an binne ni. Ke kina ƙasarmu, shi yana ƙasarmu. Na ce to, bari in ga mai ita."

"Wannan dokar ta mutu tun kafin a haifi kakanka."

"Da ita kakan kakana ya samu makiyayar. Sheburin wani ya zare. In dokar banza ce, ashe ƙasar ma ba tamu ba ce, sai mu nemi jikokin mutumin mu mayar musu."

"In Tade ya zare fa? Ka san hannu zai sa musu."

"In ya zare tasa ce. Ya yi yadda ya so."

"Ko da bututun zai fashe wata rana? Kana wurin taro, ka ji da kunnenka. Iskar nan nauyi ne da ita, ba ta tashi sama, kwari take nema ta kwanta. Mu kuwa a cikin kwano muke zaune, ganuwa ta kewaye mu. Tumaki za su fara zubewa, sai yara, kafin ma a san me ake ciki. Ga ganuwar kanta da za su huda ta ƙasa."

"Na ji. Ni ma ba na son bututun."

"To ka ce a'a mana. Kalma ɗaya ce."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai.

"A'ar tsoho mai ƙafa ɗaya a kabari? Su ba sa gaggawa, Inken, jira za su yi in mutu. A'ar da za ta tsaya ita ce ta wanda zai kwana a gidan nan bayan ni. Ke ce mai baki, na ji ki a rediyo, na gan ki a talabijin. Ƙafarki lafiya lau. Hau ki zare."

"Baba, ina da aiki. Ina da miji. Jikarka Levke tana makaranta a can."

"Na sani."

"Ba zan iya kwaso su in dawo da su cikin kashin tumaki ba."

"Ba a kiwo ta waya," in ji shi, ya koma kan burodinsa.

Gwaggo Keike ta dangwarar da butar kofi a kan murhu har ya fantsalo.

"Ni dai ban ga masu taurin kai irin 'yan gidan nan ba. Uwarmu ma haka ta yi fama har ta tafi."

Inken ta tashi ta fita ta ƙofar baya, ta nufi rumfar tumaki.

Watan haihuwa ne, rumfar ta cika da kuka da wari. Ta sami yayanta Tade a durƙushe cikin bambaro, hannunsa ya shige cikin wata tunkiya mai naƙuda. Idanunsa jawur, gemu ya cinye masa fuska. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Riƙe mini kanta."

"Ba wannan ya kawo ni ba."

"Na sani. Riƙe."

Ta durƙusa ta riƙe, da rigar da ta goge musamman don tsayawa gaban 'yan jarida.

"Ka ga abin da Baba ya yi?"

"Ina nan na hango shi yana hawa."

"Kuma har yanzu ba ka je ka zare ba? Me kake jira, a buga maka ganga? Ai faɗuwa ce ta zo maka daidai da zama. Ka zare, mutuminka ya iso, ka miƙa masa hannu, a shaƙe mu gaba ɗaya a huta."

Ya jawo ɗan tunkiyar a hankali, ya share masa hanci da bambaro, ya girgiza shi har ya yi atishawa, ya tura shi gaban uwar.

"Akwai na biyu. Kada ki saki."

"Tade, da kai nake magana."

"Yau kuma babu Yayan?"

"Ran da ka yi halin yaya zan faɗa."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ba zan zare ba."

"Me ka ce?"

"Kin ji. Ko a ƙafata ya faɗo tsallake shi zan yi."

Inken ta tsaya tana kallonsa. Tun da aka fara rigimar nan ta ɗauka ƙasar yake so a hannunsa ya sayar da su. Da wannan ta kwana, da wannan ta tashi, da wannan ta zage shi ran Lahadi a gaban ubansu. Yanzu kuma ya zo da wata sabuwa.

"Ban gane ba. Ba kai ne kake cewa a bar su su wuce ba?"

"Ni ne."

"To?"

"Kin tuna ƙofar makiyaya da aka buɗe wa masu awo cikin sanyin nan, har suka haƙa ramukan gwaji?"

"Bahne ne. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani don ke kika miƙe a taro kika nuna shi da yatsa. An daina gaishe shi. An daina sayen ƙwan matarsa. Ba shi ba ne, Inken. Ni ne."

Hannunta ya saki. Tunkiyar ta fizge kai ta yi wani irin kuka.

"Riƙe, na ce."

Ta sake riƙewa. Bahne maƙwabcinsu ne, shi ya koya mata hawan keke. Bayan taron nan ta wuce shi a bakin coci ta ɗauke kai, yana miƙo mata hannu.

"Ka bari na ci mutuncin tsohon nan a gaban jama'a kana zaune kana kallo?"

"Na bari."

"Don me? Me suka ba ka?"

"Ko kofi ban sha nasu ba."

"To don me?"

Ya zaro na biyun. Wannan bai motsa ba. Tade ya buɗe masa baki ya hura, ya murza masa ƙirji, ya sake hurawa. Da ƙyar ɗan ya ja numfashi. Ya ajiye shi, ya zauna dirshan cikin bambaro ya jingina da katako.

"Don a ƙwace ta," in ji shi. "So nake a ƙwace. In kamfani ya tona ta, ko hukuma ta karɓe, sai in ce wa Baba ba ni na bari ba, fin ƙarfi aka yi mana. Na kasa kallon idonsa in ce na gaji. Wannan ce kawai."

"Kai ka gaji, sai ka haɗa da ƙauye duka?"

"Ke da ba ki gaji ba, ga shebur can."

"Kada ka juya mini magana."

"Ba juyi. Ke ranar Asabar kike zuwa, da lasifika da alluna. Ƙasarmu, tekunmu, gadon kakanninmu. A tafa miki, ki ci kek ɗin Gwaggo, ki shiga mota ki koma inda ake kunna ɗumi da ɗan yatsa. Wa ke nan ran Litinin? Wa ke bin ganuwa in teku ya yi fushi? Wa ke tsamo tunkiya daga magudana ruwa har ƙirji? Ranar da matata ta tafi ko tasha ban raka ta ba, wata tana naƙuda kamar wannan. Daga rumfar nan na ji ƙarar motar haya."

Gaskiya ce, kuma ita ta fi komai ba Inken haushi.

"Na sami aiki," ya ci gaba. "A jirgin da ke kai ma'aikata wurin injinan iska masu ba da wutar lantarki a tsakiyar teku. Da an gama haihuwa zan tafi."

"Baba ya sani?"

"Ban faɗa masa ba. Amma me kike zaton ya hau da shi ganuwa da gwiwar nan? Ya sani. Sheburin nan ba don ni ya kafa ba. Naki ne."

"Yaya Tade."

"A'a, kada ki fara yanzu."

"Ka zare, don Allah. Ka zare ka ce musu a'a. Zan riƙa zuwa kowane ƙarshen mako, hutun makaranta duka a nan zan yi shi, za mu ɗauki mai taimako."

"Haka kika ce ran jana'izar Mama."

Ta miƙe tsaye. Rigar ta ɓaci tun daga gwiwa har ƙirji.

"Wallahi ku biyun nan kun haɗa kai ne ku ƙure ni."

"Ba wanda ya ƙure ki. Ki koma Kiel. Shebur ya yi ta tsayuwa har ya yi tsatsa."

"In babu mai ƙasa wa zai ce a'a?"

"To kin gani," in ji Tade, ya jawo bokitin ruwa ya fara wanke hannu.

Ta fito bayan rumfa inda ba kowa, ta kira mijinta Malte. Ya ɗauka yana tsakiyar aiki, tana jin hayaniyar asibiti a bayansa. Ta faɗa masa duka, a gurguje, tana haɗa kalmomi.



"Shebur," in ji shi.

"Shebur."

"Inken, mahaifinki yana lafiya kuwa?"

"Lafiyarsa lau. Ka san halinsa. Abin da ya faɗa ya faɗa, ko sama za ta faɗo."

"To ki zare ki ba shi ya ji daɗi, ku ce wa mutumin a'a, ki dawo gida. Me ye a ciki?"

"Ba haka ake yi ba, Malte. In na zare na zare. Ba zan yi wa Baba ƙarya a kan ganuwa ba, duk ƙauye suna kallo."

"Ni kuma fa? Levke fa? Kin ce mini in an gama maganar bututun nan za ki dawo mana. Yanzu kuma tumaki?"

"Ban ce na yanke ba."

"Muryarki ta ce."

"Kai ma kada ka ƙara mini."

"Ana kira na. Ki yi tunani kafin ki taɓa komai."

Ya kashe. Ta tsaya da wayar a hannu, ta ji kamar ta yi jifa da ita cikin magudana. Gaba kura baya sayaki. In ta zare, gidanta na Kiel ya girgiza, ba ta ma san ko zai tsaya ba. In ta bari, duk wahalar da ta sha, duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa, duk ta tashi a banza, bututu ya bi ta ƙarƙashin tagar ɗakin da aka haife ta. Hawayen haushi suka zubo mata, ta goge da bayan hannu, ta shafa wa fuskarta ƙazantar tunkiya.

Gwaggo Keike ta ɓullo da tiren kofuna, za ta kai wa maƙwabtan da suka taru a tsakar gida. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Haka za ki shiga talabijin?"

"Gwaggo, me zan yi?"

"Ni kike tambaya? Ni da aka haife ni mace a zamanin da ko tambayata ba a yi ba? Da a lokacina ne aka kafa shi, da gudu zan hau."

Wayar ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin masu taraktoci ne a gada, muryarsa cike da dariya, ana ta busa ƙaho a bayansa.

"Inken, mun ci. Ya gudu."

"Wa?"

"Injiniya Kofler mana. Ya iso ya ga taraktoci sun cika gada, ya ga masu ɗaukar hoto, ko fitowa bai yi ba. Ya juya mota."

Karon farko tun safe ta ji sanyi a ranta. Dabararta ce, ita ta tsara a tare gadar don ya sauka ya tako da ƙafa ta tsakiyar jama'a, duniya ta ga fuskarsa. Gudun ma ya fi.

"Ya koma gari ke nan?"

"A'a, wajen ƙofar ruwa ta jikin ganuwa ya yi. Wataƙila ɓata ya yi, ɗan tudu ne, me ya sani."

"Yaushe?"

"Ai tun ɗazu. Muna ta murna muka manta mu kira ki."

Gwaggo Keike tana jin komai. Ta sauke tiren a kan wani buhu a hankali.

"Wajen ƙofar ruwa ya ce?"

"E."

"To ai daga can hanya ɗaya ce zuwa gidan nan, in mutum ya ajiye mota."

Inken ta dube ta.

"Ta kan ganuwa."

"Ta kan ganuwa."

"Wa ke can sama?"

"Wa kuwa? Wa zai je ya tsaya yana kallon sheburin wani? Tun safe kowa ya kawar da kai, ko karensa ba wanda ya saki ta wajen. Maganar gida ce, an bar wa 'ya'yan gida."

Inken ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta kwasa a guje, ta tsallake shingen waya, takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo ta bar shi a nan. A cikin gudun nan ta yanke. Za ta zare. Malte ya yi fushi, makaranta ta nemi wata, ta koyi haihuwar tumaki da girmanta, komai ya zo daga baya. Nata ne, za ta zare.

Ta zagayo bayan gida inda matakalar ganuwa take, ta ɗaga kai.

Wurin wayam.

Wani dogon mutum ne yake saukowa a matakalar, da rigar ruwa mai tsada, jaka a hannu ɗaya. A kafaɗarsa shebur.

"Moin moin," in ji shi, yana murmushi. Sau biyu, kamar yadda duk baƙo mai surutu yake yi. "Malama Inken ko? Na gane ki daga talabijin. Kin ji ciwo ne? Ina takalminki?"

Ya wuce ta cikin ladabi ya shiga tsakar gida, ita kuma ta biyo shi tana ɗingishi.

Maƙwabta sun cika wurin, wasu a tsaye wasu a kan benci. An fito wa Momme da kujera a bakin ƙofa. Suna ganin abin da ke kafaɗar mutumin hira ta mutu. Wata mata ta dafe baki. Tade ya fito bakin rumfa da tsumma a hannu ya tsaya cak.

Injiniya Kofler ya ɗauka shirun ƙiyayya ne irin wanda ya saba gani, sai ya ƙara faɗaɗa murmushi.

"Na san ba maraba ake yi da ni ba, ba zan daɗe ba. Amma kafin komai, ga wannan. A kan ganuwa na same shi, wani ya manta. Na karanta cewa ba a son a huda ciyawar ganuwa, ruwa yana samun hanya. Na mayar da ciyawar na taka ta da ƙafa, ba za ma a gane wurin ba. Na ga sunan Ketelsen a jikin ƙotar."

Bawan Allah, shi a ransa alheri ya yi. Har yana jiran a gode masa.

Inken ta matso da sauri ta miƙa hannu biyu.

"Namu ne. Kawo. Na gode, kawo."

Ya sauke shi daga kafaɗa zai ba ta.

"Kada ki taɓa."

Momme ne. Bai ɗaga murya ba, amma hannun Inken ya tsaya a iska.

"Baba, ni zan zare. Hanyar zuwa nake, Gwaggo shaida ce. Na yarda, zan dawo, zan riƙe tumakin, zan riƙe komai."

Bai dube ta ba. Injiniyan yake kallo.

"Kai ka zare shi?"

"E, ranka ya daɗe."

"Da hannunka?"

"Da hannuna. Da ƙyar ma, ya shiga sosai. Wanda ya kafa shi da ƙarfinsa."

"Wani ya sa ka?"

"A'a." Murmushin ya fara raguwa. Ya waiga ya dubi fuskokin mutane. "Na yi wani laifi ne?"

Gwaggo Keike ta iso tana haki.

"Momme, baƙo ne. Bai sani ba. Kada ka yi mana haukan nan a gaban mutane."

"Ba a ce sai wanda ya sani ba."

"Baba," in ji Tade daga bakin rumfa. "Baba, tsaya. A mayar da shi, ni zan hau."

"Tun safe yake tsaye a can," in ji Momme. "Ku biyu kuna kallonsa."

"Baba, mutumin kamfani ne fa!" Inken ta durƙusa a gabansa ta riƙe masa gwiwa. "Bututun fa? Ƙauyen fa? Kai ka ce ba ka so. Don Allah ka dube ni."

Tsohon ya dafa sandarsa. Ya miƙe da ƙyar, gwiwar tana rawa, ba wanda ya yi ƙarfin halin kama shi. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya sa hannu ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji, yana fuskantar baƙon da ke tsaye da shebur bai san me ake ciki ba.

"Inken," in ji shi, "matsa. Kin tare wa mai ƙasa hanya."